Fitilar Yaya

Su tara ne a ƙungiyar, kuma kowace Lahadi da sassafe suke fitowa da baburansu, su yi tafiyar kilomita saba'in zuwa bakin tafki, su sha shayi, su shirga wa juna ƙarya a kan gudun da suka yi, su juyo gida kafin rana ta yi zafi. Babu yaro a cikinsu. Akwai mai kemis, akwai tela, akwai akawu biyu da suka ajiye aiki, duk masu furfura da tumbi, irin mazan da matansu suka yi faɗa har suka gaji suka zuba musu ido. Mafi ƙuruciya a cikinsu shi ne Auta, mai gyaran wutar mota da babur, shi ma ya ba arba'in baya. Sunan daga gida ya biyo shi. Yayansa bai taɓa kiransa da wani suna ba, sai kowa ya ɗauka.

Yayan nan nasa shi ya kafa ƙungiyar. Shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu a kan babur, har mutane suka daina rubuta wa juna wasiƙa, aka sallame shi, aka bar masa tsohon babur ɗin don babu mai so. Kowa Yaya yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Mutum ne mai son tsari har abin ya yi yawa, irin wanda zai tare ka a bakin titi ya yi maka huɗuba a kan igiyar hular kwano. Shi ya shimfiɗa dokokin tafiya, kuma ba a tashi sai ya maimaita su, ana hamma ana duba agogo, shi ko a jikinsa. Ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa. Ba a wuce na gaba. Waya a kashe take har a isa. Fitila a kunne, ko da rana ta take tsaka.

Babbar dokar kuwa ita ce ta madubi.

“Na gabanka ba naka ba ne,” in ji Yaya. “Naka shi ne na bayanka. Ka duba madubi, in ba ka ga fitilarsa ba ka sassauta, ka ƙirga goma. In ba ta ɓullo ba ka tsaya. Na gabanka zai ga babu kai, shi ma ya tsaya, a haka har layin ya tsaya gaba ɗaya. In kowa ya riƙe wannan, ba wanda za a bari a hanya.”

Shi Yaya kullum shi ne na tara, shi yake rufe layi. Auta ne na takwas. Shekara goma sha biyu ke nan fitilar Yaya tana zaune a madubinsa na hagu, kuma ko cikin fitilu dubu ka sa ta zai nuna maka ita. Tsohon ƙwai ne a cikinta, haskensa rawaya, ba shi da ƙarfi, 'yan ƙungiya suna ce mata kyandir. Abin yana ci wa Auta rai ba kaɗan ba. A ce kai ne mai gyaran wutar da ake layi a shagonka, amma yayanka uwa ɗaya uba ɗaya yana yawo da kyandir a gaban babur. Ya yi tayin canjawa ya fi a ƙirga, kullum Yaya sai ya ce ƙwan bai yi masa laifin komai ba.

Wata Asabar da hantsi, Auta yana durƙushe a cikin wata mota, ya kwance mata gaba wayoyi sun zubo masa a cinya, sai ga Malama, matar Yaya, a ƙofar shago da jakar cefane. Malamar firamare ce. Ita ta ƙarasa rainon Auta bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka tana da bakin yi masa tsiya, shi ma yana da na ramawa.

“Ƙaramin maigida, ana ta fama?”

“Malama da kanta a shagon talaka? Lallai yau akwai ruwa.”

Ba ta yi dariya ba. Ta share benci da gefen jaka ta zauna, ta jira har ya fito ya goge hannu.

“Yayanka ba ya gani sosai da idon hagu,” in ji ta. “Likita ya ce yanar ido ce, sai an yi aiki. Ya hana ni faɗa wa kowa. Shekaranjiya yana zuba shayi, rabi a kofi rabi a tebur, da na yi magana ya ce wai teburin ne ya karkace.”

“To a hana shi fita gobe mana.”

“Kai hana shi, in ka isa. Ni na yi har bakina ya gaji. Cewa ya yi ranar da ya daina rufe layi a fara haƙa masa rami.” Ta gyara jakar a cinyarta. “Abin da ya kawo ni, tunda ba zai zauna ba, ka cire masa wannan fitilar tasa ta tsiya, ka sa masa irin ta mutane. In hadari ya haɗo ko gabansa ba ya gani. In shi bai ga mota ba, ai gara ita motar ta gan shi.”

Auta ya ji daɗin maganar, babu amfanin ɓoyewa. Abin da ya yi shekaru yana nema ne aka kawo masa har shago.

“An gama, Malama. Yau ɗin nan.”

Ta miƙe, ta kai bakin ƙofa sannan ta juyo. “Kuma Auta, amana na ba ka. Yadda ya fita da ƙafarsa haka za ka dawo min da shi.”

“Shekara nawa ina dawo miki da shi?”

“Shi ya sa na zo wurinka, ban je wurin wani ba.”

Da yamma Yaya ya kawo babur a duba masa birki da sarƙa, kamar kowace Asabar, ya tafi shagon mai faci na kusa ya hau gyara wa duniya zama. Auta ya kwance gilashin fitila, ya zare tsohon ƙwan, ya sa sabo irin na zamani. Aikin bai kai minti biyar ba. Da Yaya ya dawo ya murɗa makulli, sai wani farin haske ya daki bango, har mai faci ya leƙo.

“Wannan kuma fa? Wa ya aike ka?”

“Malama.”

Yaya ya maida ido kan hasken. Ya daɗe yana kallon bangon.

“To, in hukuma ce ta ba da umarni, ni wane ne,” in ji shi. “Amma kada ka yar min da tsohon. Lafiyarsa ƙalau.”

Auta ya naɗe ƙwan a tsumma, ya sa a aljihun jaket ɗinsa da ke rataye a ƙusa, da niyyar miƙa masa washegari.

An yi ruwa da asuba. Da suka taru a ƙofar kemis, kwalta a jiƙe take, sama ta lumshe, ana ɗan yayyafi. Tela ne ya fara lura da fitilar, ya kewaye babur ɗin yana tafa hannu, wai Yaya ya shigo zamani, saura ya rina gemu. Yaya ya yi masa kunnen uwar shegu, ya karanto dokokinsa daga farko har ƙarshe, sannan ya ƙara guda.

“Kwanar bayan gada akwai tsakuwa. Tifofin da ke ɗauko dutse ne suke zubarwa, ga shi an yi ruwa. Kowa ya bi ta a hankali.”

Mai Kemis ya ja gaba, shi ne jagora, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Suna da wata al'ada a tsakaninsu. Duk mararrabar da aka wuce, na takwas zai duba madubi, in ya ga fitilar na tara sai ya ɗaga hannun hagu. Na bakwai ya gani ya ɗaga nasa, a haka saƙon yake tafiya har ya kai ga jagora, ya san mutanensa sun cika. Wato duk layin nan a kan hannun Auta yake tafiya.

Suka fita gari, suka wuce rumfunan masu katako da wurin wankin manyan motoci, gidaje suka ƙare. Sabuwar fitilar tana nan a madubin Auta, fara tas. Haskenta ya yi ƙarfin da in ya haɗu da ɗigon ruwan da ke kan madubi, ba a ganin komai a bayanta, ba mutum ba babur, sai haske kawai. Auta ya lura da haka, ya kuma ji daɗi. Ya ce a ransa, yanzu ko direban tifa makaho ne sai ya ga Yaya.

A kilomita na ashirin da huɗu suka hau gada. Daga ita sai doguwar kwana da ta karya hagu, a damanta akwai kwazazzabo da ciyayi da ƙananan itatuwa suka rufe bakinsa. Auta ya sassauta, ya ji tayar baya ta ɗan zame a kan tsakuwa, ta kama. Da ya fita daga kwanar ya duba madubi, ya ga wayam.

Bai tsorata ba, kwana takan ɓoye mutum. Ya saki totur ya fara ƙirga. Ɗaya, biyu, uku. A kan huɗu ya wuce bakin wata hanyar ƙasa da take fitowa daga wurin fasa dutse. A kan shida wata tifa ta taho daga gaba tana cin rabin hannunsa, dole ya maida ido kan titi ya raɓe mata, ta wuce ta watsa masa ruwa. Ya goge gilashin hula da bayan hannu. Da ya sake duba madubi, yana kan tara, ga farar fitila nan a inda ya kamata ta kasance.

Ya sauke ajiyar zuciya, ya murɗa totur ya cim ma layi. A mararraba ta gaba ya ɗaga hannu.

Daga nan ma sai ya ga kamar Yaya ya sake. Da can tazara mai yawa yake bari, in an zo kwana ya yi ta lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Yau kuwa fitilar tana manne da shi, tana shiga kwana ba gargada. Wani mai hankali da ya tsaya ya tambayi kansa, yaushe dattijon da ba ya gani da ido ɗaya ya koma haka cikin minti biyu? Auta bai tambaya ba, don yana da amsa a shirye, kuma amsar tana yi masa daɗi. Aikinsa ne. Ashe duk shekarun nan duhu ne yake riƙe Yaya. Har ya fara shirya yadda zai ba Malama labari, da irin tsiyar da zai yi mata, wai ta maida masa yaya saurayi, ta yi hattara. Mararraba uku suka ƙara wucewa, sau uku yana duba madubi, sau uku yana ɗaga hannu. Bai yi sakaci ko sau ɗaya ba, duk abin da dokar ta ce ya yi.

Kusa da tafki akwai gidan mai inda suke tsayawa. Mai Kemis ya sa sigina, layi ya shiga, kowa ya kashe inji. Auta ya kafe babur, ya cire hula, ya juyo bakinsa har kunne zai fara tsokana. Na bayansa shi ma ya tsaya, ya kashe fitila. Babur ɗin ja ne, na Yaya kuwa baƙi ne. A bayansa an ɗaure akwatin kayan aiki da igiyar roba. Mutumin ya cire hula, wani magidanci ne mai saje, Auta bai taɓa ganinsa ba.

“Sannunku da hanya,” in ji mutumin da fara'a. “Allah ya saka da alheri. Na ga kuna tafiya a tsare, na ce bari in laɓe a bayanku. Tifofin nan ba sa ganin babur in shi kaɗai ne.”

Auta ya leƙa bayansa. Titi ne miƙe, a jiƙe, babu kowa a kai har inda ido ya tsaya.

“Ina na bayanka?”

“Ai babu kowa a bayana.”

“A ina ka shigo?”

“Hanyar fasa dutse, nan bayan gada. Inji na je gyara musu.” Fara'ar ta fara barin fuskarsa. “Lafiya dai?”

Mai Kemis ya bi babura da yatsa yana ƙirgawa, ya samu tara cif, kamar yadda ya samu a madubinsa a duk miƙaƙƙiyar hanyar da suka bi. Auta ya kunna waya, ya kira Yaya. A kashe take, kamar yadda doka ta ce. Tela ya duba mitar babur ɗinsa, ya yi lissafi a hankali, ya ce daga gada zuwa nan kilomita arba'in da shida ne.

Auta ya haye babur zai fizga, Mai Kemis ya riƙe masa hannu.

“A layi za mu koma. Ka biyo bayana.”

“Sake ni, Yaya yana can.”

“Na sani. Ba za mu je neman mutum biyu ba. Sa hularka.”

A layi suka koma. Auta bai taɓa tafiyar da ta yi masa tsawo irin wannan ba. Duk mararrabar da suka wuce sai ya gane ta, nan ya ɗaga hannu, nan ma ya ɗaga, nan har da murmushi ya ɗaga. Yana ta roƙon Allah a ce faci ne, a ce sarƙa ce ta tsinke, su tarar da Yaya zaune a kan dutse ya haɗe rai, ya wanke su tas. Da zai samu wannan faɗan, da ya ba da duk abin da ya mallaka.

A kwanar babu kowa. Motoci suna wucewa abinsu. Sai da suka sauka suka bi gefen titi da ƙafa, sannan Tela ya ga wani dogon layi da taya ta karta a cikin tsakuwa, ya nufi bakin kwazazzabo, da wani reshe da ya karye sabo. Daga kan titi ba a ganin komai. Auta ya kutsa cikin ciyawa, ya gangara da mazaunai yana kama saiwoyi.

Babur ɗin ya fara gani, kwance a gefensa, fitilar tana nan a kunne, fara tas, tana haska ciyawa. Yaya yana can gaba kaɗan, a rigingine, hularsa a kai, ya ɗage gilashin. Ƙafarsa ta dama ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Yayyafi ya jiƙa masa fuska, idonsa a buɗe.

“Auta.”

“Na'am, Yaya. Ga ni.”

“Kada ku cire min hula. Kada kuma a ɗaga ni sai an samo katako.”

Ko a nan doka yake bayarwa. Mai Kemis ya sauko ya durƙusa, ya taɓa masa wuya, ya zuge jaket ya danna ciki a hankali. Cikin ya kumbura ya yi tauri. Auta ya ga yadda fuskar Mai Kemis ta canja, ya ga kuma yadda ya yi saurin gyara ta. Mai Kemis ya ce bari ya hau sama ya kira motar asibiti, a nan ƙasa waya ba ta kamawa. Ya kora sauran suka bi shi neman katako, aka bar su su biyu.

Auta ya cire jaket ɗinsa ya rufa masa. Ya rasa inda zai sa hannu, sai ya riƙe yatsunsa. Sun yi sanyi.

“Na ƙirga goma,” in ji Yaya, muryar tana fita da ƙyar. “Na ce yanzu ya sassauta. Na ƙirga wata goman, na ce yanzu ya tsaya. Na yi ta ƙirgawa har na rasa inda nake.” Ya numfasa. Babu faɗa a muryarsa, tambaya ce kawai irin ta mai son sanin inda tsari ya ɓaci. “Me ya tsare ka?”

“Wani ne ya shigo tsakani, daga hanyar fasa dutse. Ina kan tara na ga fitila.” Ya sunkuyar da kai. “Fara ce, Yaya.”

Yaya bai iya juya kai ba, ido ya juya wajen babur ɗinsa. Ya daɗe yana kallon farin hasken nan a cikin ciyawa.

“Af,” in ji shi. “Da kyandir ɗina ne, da ka gane.”

“Da na gane.”

Auta ya kifa kai a kan hannun yayansa ya yi kuka, irin kukan da bai yi ba tun ranar da aka fita da mahaifiyarsu. Yaya ya bar shi ya yi, sannan ya ɗan matsa yatsunsa.

“Malama ce ta sa ka.”

“Ni ma ina so, Yaya. Na daɗe ina so.”

“Na sani. Amma ita ta zo ta ce ka yi.” Ya rufe ido ya buɗe. “To ka saurare ni. Kada ta ji zancen fitilar nan. Ka faɗa mata duk abin da ka ga dama, ban da wannan. Na san matata, in ta ɗauka ba za ta ajiye ba har ta mutu. Kai ka iya ɗauka. Ka ji ni?”

“Na ji.”

“To je ka kashe ta, batir zai mutu.”

Auta ya je ya murɗa makulli, hasken ya ɗauke.

Motar asibiti ta zo bayan rabin awa. Su shida suka hau da shi a kan wata tsohuwar ƙofa da aka samo a wurin fasa dutse, har da baƙon mai saje, wanda ya biyo su ya kama gefe guda. Yaya bai ƙara magana ba. Suna shiga harabar asibiti ya cika. Likitar da ta duba shi ta tambayi ƙarfe nawa ya faɗi, Mai Kemis ya faɗa mata, ta duba agogon bango. Ta ce jini ne ya yi ta zuba ta ciki, da an kawo shi da wuri ko da awa ɗaya ne, da akwai abin da za a gwada. Ba da mugunta ta faɗa ba, tana rubutu ne ma. Auta yana tsaye a jikin bango, an miƙo masa jaket ɗinsa, ya ji wani abu mai tauri a aljihu. Tsohon ƙwan ne a cikin tsummansa, ko tsagewa bai yi ba.

Mai Kemis ne ya yi wa Malama bayani. Ya ce tsakuwa ce ta kwashe shi, wani baƙo kuma ya shiga layi aka ɗauka shi ne, ba laifin kowa ba ne, kwana ne ya ƙare. Ta saurare shi har ya gama. Gida ya cika da mutane, ya rage, ya koma shiru. Auta yana zuwa kullum, yana zama a waje cikin maza, yana kauce wa duk inda za su haɗa ido.

Bayan mako guda, da yamma, ta aika a kira shi. Ya same ta a falo ita kaɗai, a kujerar da ke fuskantar tebur. Littattafan 'yan ajinta suna jibge a gefe, ba a taɓa su ba. Hular Yaya tana kan kabad, gefenta duk ya karce. A kan teburin akwai tabon shayi, inda rabi ya zuba. Ta rame, amma idonta a bushe yake. Ba ta ce masa ƙaramin maigida ba.

“Zauna, Auta.”

Ya zauna a bakin kujera.

“Mai Kemis ya ce wani baƙo ne ya shiga layinku, ka ɗauka yayanka ne.”

“Haka ne.”

“Abin da na kasa ganewa ke nan. Kwana bakwai ina juya shi.” Tana magana a hankali, kamar mai warware lissafi a allo. “Yayanka kullum cikin cika baki da kai yake. Yana cewa ni ba na tsoron hanya, Auta ko a mafarki ya ga fitilata zai gane ta, don babu irinta a garin nan, ita kaɗai ce rawaya, duk sauran...”

Ta tsaya. Auta yana kallonta, ya ga abin yana tahowa. Ya ga idonta ya bar fuskarsa ya koma kan hular, ya ga hannunta ya tashi daga cinya yana nufar baki.

“Auta,” in ji ta, muryar ta zama ƙarama. “Fitilar da na ce ka...”

“Ban duba madubi ba, Malama.”

Hannun ya tsaya a hanya.

“Me ka ce?”

“Tun daga gada ban duba ba.” Ya ji maganar tana fita sumul, kamar ya daɗe da shirya ta. “Hankalina yana kan wata mota da na bari a shago. Hannu kawai nake ɗagawa don an saba. Ko rawaya ce, ko fara ce, ko babu fitilar ma sam, duk ɗaya ne, tunda ban duba ba. Zancen baƙo gaskiya ne ya shigo, amma su Mai Kemis asiri suke rufa min.”

Ta daɗe tana kallonsa. Ya riƙe idonta, bai sunkuyar da kai ba, don ya san in ya sunkuyar za ta koma inda ta tsaya. A hankali hannun ya sauka kan cinya. Tsoron da ya taso mata ya koma, wani abu mai tauri ya zauna a wurinsa. Ta yarda. Auta ya ga ta yarda, ya kuma san matar da ta yi masa wanka ta kai shi makaranta ba za ta sake kallonsa kamar da ba. Abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata.

“Kilomita arba'in da shida,” in ji ta.

“E.”

“Yana kwance yana jiranka.”

“E.”

“Amana na ba ka, Auta. Har shago na taka na ba ka.”

“Kin ba ni.”

Ta juya fuska wajen taga. “Tashi ka tafi. Ban ce har abada ba. Amma yanzu ba na son ganinka.”

Ya miƙe. Ya kai bakin ƙofa yana neman takalminsa da ƙafa, sai ya ji muryarta a bayansa, ba ta juyo ba.

“Sabuwar fitilar, ta yi masa haske kuwa?”

Hannunsa yana cikin aljihu, yana riƙe da ƙwan a cikin tsumma.

“Ta yi, Malama. Yana ganin hanya tar.”

“To, alhamdu lillahi,” in ji ta. “Ko wannan na yi masa.”

Auta ya fita ya ja mata ƙofa. Ya sa hula, ya ɗaure igiyar har sai da ta kama haɓa, ya hau babur ya tayar. Kafin ya ja, sai da ya duba madubin hagu, kamar yadda ya saba.